Me ya sa man shafawa ba ya ratsa farce, kuma yaya ake sa magani ya shiga?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekaruna 52. Farcen babban yatsan ƙafata ta dama ya yi kauri, ya koma ruwan ɗorawa, bakinsa yana marmashewa, na kusa da shi ma ya fara. Wata huɗu ke nan ina shafa kulotirimazol safe da yamma. Cin ruwan da ke tsakanin yatsuna ya warke cikin mako uku, amma farcen ko gezau. Likita ya ce sai ƙwaya, ni kuma ina jin tsoro don an ce tana taɓa hanta. Me ya sa maganin da ya warkar da fata ya kasa farce? Akwai dabarar da za a yi na shafawa ya ratsa? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Maganin da ka shafa ba jabu ba ne, tunda ga shi ya kashe cin ruwan, kuma sau da yawa ƙwayar fangas (ƙwayar cuta dangin fumfuna) da ke cin tsakanin yatsu ita ce dai ke cin farce, wato Trichophyton rubrum. Abin da ya faru shi ne maganin bai kai inda cutar take ba. A irin ciwon da ka kwatanta, ƙwayar tana shiga ne ta ƙarƙashin bakin farce, ta yi gida a shimfiɗar naman da farcen ke kwance a kai da kuma cikin farcen ta ƙasa. Kai kuwa a sama kake shafawa. Tsakanin man da cutar akwai kaurin farce gaba ɗaya.

Farce da fata ba gini ɗaya ba ne. Saman fata yana da kitse kusan kashi 10 cikin 100, kuma ta cikin wannan kitsen magungunan shafawa ke silalewa su shiga, shi ya sa ake kwaɓa su da mai. Kitsen da ke cikin farce bai wuce kashi 1 ba, wani lokaci kashi 0.1. Sauran kusan duk keratin ne mai tauri, wato sinadarin da ke gina gashi da farce, matattun ƙwayoyin halitta jere hawa-hawa kamar 25, an ɗaure zarensu da juna da ƙullin sinadarin farar wuta. Abin da farce ke karɓa shi ne ruwa: ka lura yadda yake laushi bayan wanka. Saboda haka maganin da zai wuce ta cikinsa sai ya kasance mai narkewa a ruwa gwargwado, ƙarami, kuma wanda ba ya manne wa keratin. Kulotirimazol ba ya narkewa a ruwa, ƙarfinsa a cikin man kashi 1 ne, kuma zanen gado ko safa na goge shi cikin ɗan lokaci. Ƙari ga haka, farcen hannu kaurinsa kamar rabin milimita ne, na babban yatsan ƙafa ya kan wuce milimita 1 yana lafiya lau, idan ya kamu kuwa sai ya kai 2 ko 3.

Lalle zai nuna maka matsalar mannewa fiye da kowane bayani. Sinadarin da ke ba lalle launi ƙarami ne, yana shiga farce da sauƙi, amma da ya haɗu da keratin sai ya ƙulle da shi ya tsaya nan. Shi ya sa wanki ba ya fitar da shi, sai dai farcen ya tsiro a yanke. Magungunan fangas da yawa haka suke yi: su shiga hawan sama su maƙale, kaɗan ne ke saura a sake ya gangara ƙasa. A gwajin da aka yi da garin keratin, abin da ya rage a sake na efinakonazol kashi 14 ne cikin 100, na amorolfin kusan kashi 2, na siklopiroks bai kai kashi 1 ba. Tabinafin, ɗaya daga cikin waɗanda suka fi kashe wannan ƙwaya a ɗakin gwaji, yana cikin masu tsananin mannewa, dalilin da ya sa man tabinafin ke warkar da cin ruwa amma ya kasa farce.

Kafin a je ga dabara, akwai abin da ya kamata a yi tun farko, kuma yawancin mutane na tsallake shi. Kusan rabin faratan da suka lalace ne kawai fangas ya ɓata. Sauran bugun takalmi ne, ko tuntuɓe, ko cutar fata irin su soriyasis, waɗanda ba maganin fangas da zai taɓa su. Sai a yanko farcen har kusa da iyakar lafiyayyen wuri, a kankaro garin da ke ƙarƙashi, a kai ɗakin gwaje-gwaje. Dubawa da madubin likita ba ta wuce yini ɗaya, renon ƙwayar don a san sunanta yana cin mako 2 zuwa 4. A dakatar da man shafawa na wasu makonni kafin a ɗauki samfurin, in ba haka ba ƙwayar ta ƙi tsirowa a ce babu ita. Sanin sunan yana da amfani musamman a yankinmu, domin a ƙasashe masu zafi, har da Afirka ta Yamma, akwai wata ƙwaya mai suna Neoscytalidium da ake ɗauka daga ƙasa da tsirrai, tana ɓata farce kamar waccan sak amma ba ta jin yawancin magungunan da aka saba. Baƙin layi guda ɗaya da ke faɗaɗa ko ya malalo kan fatar gindin farce kuwa, wannan likitan fata zai gani da wuri, don wani nau'in sankara ya kan fara haka.

To, yaya masu haɗa magani suka bi da wannan katanga?

Dabara ta farko ita ce maganin da ake shafawa kamar jan farce. Ana narkar da shi a ruwa mai saurin bushewa tare da wani abu mai yin fatar roba. Da ruwan ya tashi, maganin da ya rage a cikin fatar sai ƙarfinsa ya ninka: amorolfin mai kashi 5 ya koma kusan 25, siklopiroks mai kashi 8 ya koma kusan 35. Wannan yawan ne ke tura maganin ciki, kuma fatar robar tana hana ruwan jikin farce fita, sai ya ɗan jiƙa ya buɗe. Siklopiroks, da aka sani da sunan Penlac, ya samu amincewar hukumar magunguna ta Amurka a 1999. Amorolfin, wato Loceryl, ana amfani da shi a Turai da ƙasashe da dama.

Dabara ta biyu ita ce a sauya maganin kansa. A 2014 Amurka ta amince da guda biyu. Tababorol mai kashi 5, Kerydin, an zaɓe shi ne don ƙanƙantarsa: nauyin ƙwayar sinadarinsa 152 ne, na siklopiroks 207, na tabinafin 291, na itirakonazol 706. Efinakonazol mai kashi 10, Jublia, ba ƙarami ba ne, nauyinsa 348, kusan ɗaya da kulotirimazol. Abin da ya raba su shi ne ba ya mannewa sosai, sannan an haɗa shi a ruwa tsararo mai saurin malala, wanda ke bin gefen farce da ƙarƙashinsa ya isa shimfiɗar ta bayan gida.

Alƙaluman gwaji ba su da daɗin ji, amma gara ka san su. Bayan mako 48 ana shafawa kullum, waɗanda suka warke sarai, wato ƙwayar ta mutu kuma farcen ya dawo tas, kashi 5.5 zuwa 8.5 cikin 100 ne da siklopiroks, kashi 6.5 zuwa 9 da tababorol, kashi 15 zuwa 18 da efinakonazol. Idan mutuwar ƙwayar kaɗai aka duba, siklopiroks da tababorol sun kai kusan kashi ɗaya cikin uku, efinakonazol ya ɗan haura rabi. Ƙwayar tabinafin ta sha, miligiram 250 kullum na mako 12, ta kashe cutar a kashi 70, ta warkar sarai a kashi 38. Bambancin daga hanya yake: maganin sha yana zuwa ta jini, ya shiga farce ta gindi da ta shimfiɗa, ba ruwansa da katangar sama. Jublia da Kerydin kuma ba kasafai ake samunsu a kyamis ɗinmu ba, in an samu ma da tsada. Wanda aka fi samu shi ne amorolfin ko siklopiroks, saboda haka abin da ya rage a hannunka shi ne rage katangar.

Rage kauri shi ne aikin da ya fi biya, kuma shi ne mafi arha. Hawan sama na farce siriri ne amma shi ya fi tauri, shi ke tare mafi yawan magani. A jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi minti 10, a yanke duk ɓangaren da ya rabu da nama, a kankare garin da ya taru a ƙarƙashi, domin a cikinsa ƙwayar ta fi yawa. Idan ƙafar ta bushe sai a goge saman da magogin farce har sheƙin ya tafi kuma kaurin ya ragu, a tsaya da zarar an fara jin zafi ko an hango ja. Magogin da ya taɓa farce mai ciwo ba ya komawa kan lafiyayye, shi ya sa kwalin amorolfin ke zuwa da waɗanda ake yarwa. Haka nan almakashin masu yankan farce na kan hanya, wanda ya bi yatsun mutane da yawa a yini, hanya ce ta ɗauko cutar da rarraba ta. Ka mallaki naka.

Farcen da ya yi kaurin da gogewa ba ta isa ba, yuriya mai kashi 40 ake sa masa. Yuriya tana jawo ruwa ta sassauta keratin, kuma ta fi cin ɓangaren da ya lalace, lafiyayyen ba ta yi masa komai sosai. Ana sayar da ita ita kaɗai ko a haɗe da maganin fangas bifonazol mai kashi 1. Ga yadda ake yi: a kare fatar kewaye da basilin ko filasta, a ɗora man a kan farcen kaɗai, a rufe da filastar da ruwa ba ya ratsawa na awa 24. Washegari a cire, a jiƙa minti 10, a kankare abin da ya yi laushi, a busar, a sake sawa. Cikin mako 2 zuwa 3 ruɓaɓɓen ɓangaren ya tafi, ba jini ba allura. Kuskuren da aka fi yi shi ne tsayawa a nan don farcen ya yi kyan gani. Yuriya ba ta kashe fangas, buɗe ƙofa kawai ta yi. A wannan lokacin ne shimfiɗar ke a fili, kuma a lokacin ne man shafawa irin naka zai yi aiki, sai a shafa kullum na aƙalla mako 4, a ɗora da maganin farce yayin da sabon ke tsirowa. Man faso mai yuriya kashi 10 bai isa wannan aiki ba. Takin yuriya na gona kuma ba a tace shi don jikin mutum ba, kada a kwaɓa shi.

Mai ciwon suga, ko wanda ƙafarsa ke yin sanyi ko ba ya jin taɓi sosai, kada ya yi gogewa ko yuriya da kansa. Ɗan rauni a irin wannan ƙafa yana iya zama gyambo. A asibiti za a rage masa.

Sai yadda ake shafawa. Amorolfin sau ɗaya ko biyu ne a mako: a goge farcen, a share da auduga mai sifirit don fitar da tsohon shafi da maiƙo, a shafa a kan farcen duka, a bar shi minti 3 zuwa 5 ya bushe, a share ɗan cokalin shafawar kafin a ajiye, a toshe kwalbar da kyau don ruwan na tashi. Wata 6 ne ga hannu, wata 9 zuwa 12 ga ƙafa. Siklopiroks kullum ne, a kan farce da fatar kewaye kamar milimita 5 da ƙarƙashin baki in ya samu, sabon shafi a kan na jiya, sannan duk kwana 7 a wanke tarin da sifirit a yanke abin da ya saki. Ana son a yi awa 8 ruwa bai taɓa shi ba. In an bar tarin ya wuce mako, sabon shafin a kan tsohuwar roba yake zama, ba ya taɓa farce. In an shafa a kan jiƙaƙƙen farce ko mai maiƙo, fatar robar ba ta kamawa, ta ɓare cikin safa.

Nan maganar alwala ke shigowa. Amorolfin da siklopiroks na asali suna yin fatar da ruwa ba ya wanke ta, kamar jan farce. Hukuncin wannan na malamai ne, a tambaye su, a gaya musu magani ne na watanni. Ta fuskar haɗin magani kuwa akwai mafita: akwai siklopiroks da aka haɗa da wani sinadari da ake samu daga ɓawon kaguwa da jatan lande, wanda ruwa ke wankewa, ba ya buƙatar sifirit ko gogewa, ana shafa shi da dare a bar shi awa 6. A gwajin da aka kwatanta su ma ya ɗan fi na asalin, kusan kashi 13 a kan 6. Efinakonazol da tababorol su ma ba sa yin fatar roba. Duk waɗannan, lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan sallar isha'i, ƙafa a bushe, domin daga nan zuwa asuba ne ƙafa ke samun dogon hutu daga ruwa.

Akwai sauran hanyoyi da za ka iya karantawa a intanet. Sinadarai masu tsinka ƙullin farar wuta, irin asetilsistin da dangin abin da ke cikin man cire gashi, suna ƙara shigar magani sosai a ɗakin gwaji, kuma sun fi sinadaran da aka saba sawa don ratsa fata, waɗanda kitse suke narkarwa, farce kuwa ba shi da kitsen. Ana huda farce da 'yar na'ura, ramuka ƙasa da rabin milimita waɗanda ba sa kaiwa nama, don magani ya bi. Ana yin irin wannan da hasken leza. Ana tura magani da ƙaramar wutar lantarki, ana kuma ƙunshe shi cikin mitsi-mitsin ƙwayoyi. Yawancinsu ba su wuce matakin bincike ko ƙananan gwaje-gwaje ba. Leza ita kaɗai, abin da aka amince mata a Amurka shi ne ƙara hasken farce na ɗan lokaci, ba a ce tana warkarwa ba, saboda haka ba ta cancanci kuɗin da ake karɓa a kanta ba. Ruwan batir, man birki, bilic da kalanzir kuwa ƙuna suke yi, in suka taɓa gindin farce yana iya lalacewa har abada. Man nan mai haɗi uku da ake sayarwa don ƙaiƙayi yana ɗauke da sitiroyid, yana kwantar da ƙaiƙayi ya bar fangas ya bazu.

Yanzu ga naka farcen. Ka duba abu huɗu. Shin ciwon ya ci fiye da rabin farcen? Ya kai farin watan nan da ke gindi, inda farce ke tsirowa? Kaurin ya wuce milimita 2? Akwai layi mai ruwan ɗorawa da ya miƙe daga baki zuwa gindi? Wannan layin dunƙulen fangas ne a cikin rami, magani ba ya ratsa shi sai an yanke an buɗe. Idan amsar duka a'a ce, kuma faratan ba su wuce biyu ko uku ba, na shafawa tare da rage kauri hanya ce mai ma'ana. Idan ko ɗaya ya zama e, likitanka ya yi gaskiya, na shafawa shi kaɗai ɓata shekara ne. Yadda ka kwatanta, babban yatsan ya fi kama da mai buƙatar ƙwaya, na kusa da shi da ya fara yanzu shi ne irin wanda na shafawa ke kamawa. Haɗa biyun, ƙwaya daga ciki da shafi daga waje, ya kan fi kowanne shi kaɗai.

Tsoron hanta yana da tushe amma an kambama shi. Mummunan rauni a hanta daga tabinafin ana ƙiyasta shi a mutum 1 cikin 50,000 zuwa 120,000. Abin da ake yi shi ne gwajin aikin hanta kafin a fara, kuma tunda ciwon hanta nau'in B ya yawaita a ƙasarmu, yana da kyau a duba shi ma. Mai ciwon hanta ba a ba shi. Wanda ya fara sha ya ga idonsa ya yi shawara, ko fitsari ya yi duhu, ko tashin zuciya ya ƙi tafiya, ya dakata ya koma asibiti a ranar. Wasu kan rasa ɗanɗanon abinci na ɗan lokaci. Ka faɗa wa likita duk maganin da kake sha, har na gargajiya. Rifamfisin na tarin fuka, misali, yana rage ƙarfin tabinafin a jini. Itirakonazol, wanda ake bayarwa a madadinsa, ba a ba mai raunin zuciya, kuma yana karo da magunguna da yawa.

Ko wace hanya ka bi, ɓangaren da ya riga ya lalace ba ya gyaruwa, tsirowa yake yi a yanke, kamar dai lallen. Farcen hannu yana tsiro kamar milimita 3 a wata, na ƙafa 1 zuwa 1.5, ya fi haka jinkiri ga mai shekaru, don haka babban yatsa na cin wata 12 zuwa 18 kafin ya sabunta. Ranar da ka fara, ka sa a yi ɗan tsagi marar zurfi a kan farcen daidai iyakar ciwon ta wajen gindi, ka ɗauki hoto da waya. Duk wata ka duba. Idan tsagin yana tafiya gaba kuma abin da ke bayansa tas ne, magani na ci. Idan bayan wata 3 zuwa 4 launin ya tsallako tsagin ya nufi gindi, a sauya hanya. Kada a sa lalle ko jan farce a wannan lokaci, suna ɓoye iyakar da ake dubawa.

Cutar tana yawan dawowa, kuma daga fata da takalmi take dawowa. Cin ruwan da ka warkar, da ya sake leƙowa ka kama shi a makon farko. Ka tsane tsakanin yatsu bayan alwala kafin ka sa safa ko rufaffen takalmi, ka riƙa hutar da takalmi yini guda ya bushe a rana, tsofaffin da ka sa lokacin ciwon ka rabu da su in da hali. Safa a wanke ta da ruwan da zafinsa ya kai digiri 60 a ma'aunin Salsiyas, don ruwan sanyi da sabulu ba sa kashe ƙwayar. Ka duba ƙafafun mutanen gida da kuke taka banɗaki ɗaya. Bayan farcen ya warke, likitoci da yawa na ba da shawarar a ci gaba da shafa maganin jefi-jefi, amorolfin sau ɗaya duk mako biyu, na wasu watanni.